Malami mai tsauri da kalmar "strict"

Ɗiyata da ke kwaleji a Birnin Ƙonni ta kawo mini takardarta ta Ingilishi, an ja jan layi ƙarƙashin kalma ɗaya. An ce su siffanta malaminsu, sai ta rubuta "my teacher is severe". Ta ce, "Baba, ai haka ake cewa da Faransanci." Gaskiyarta, a Faransanci "sévère" shi ne malamin da ba ya ɗaga ƙafa. Amma Bature ɗan Ingila yakan ajiye "severe" ga abu mai tsanani, kamar zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da yaro, ko fari, ko hukunci mai nauyi. Malamin da ke riƙe doka kuwa, "strict" ake ce masa.

Ga yadda kalmar ke tafiya. In ana maganar mutanen da ake tsaurara wa, sai a ce "strict with", misali malama da ɗalibanta. In ana maganar abin da ake tsaurarawa a kai, kamar zuwa kan lokaci, sai a ce "strict about".

Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Tun 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ga Illela ta jihar Sakkwato dab da mu, inda takardun hukuma da Ingilishi suke. Yaron Malbaza ko na Illela tamu ta jihar Tawa da ya haddace jerin kalmomi ba tare da jimla ba, zai yi ta faɗa wa irin wannan rami.

Shawarata ga malamai ita ce mu bi ta Hausa. Yaro ya san bambancin tsauri da tsanani da mugunta tun daga gida. A tambaye shi wanne yake nufi, sannan a ba shi kalmar cikin jimla biyu ko uku.

Mu iyaye ma akwai namu darasi. Da yawanmu in mun ce muna son malami mai tsauri, bulala muke nufi. Alhali wanda ya cancanci a ce masa "strict" shi ne mai shiga aji kan lokaci, mai gyara takarda ɗaya bayan ɗaya, wanda dokarsa ba ta bambanta ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Malamin ɗiyata bai taɓa dukanta ba. Ya dai ja layi, ya rage mata maki, ya sa ta sake rubuta jimlar. Na je na yi masa godiya.