Ilimi da Kasuwa: Ruwan da ke ɓuya cikin ɗanyen mai

Kowa ya san ruwa da mai ba sa ga maciji da juna. Amma a rijiyar fetur al'amarin ya sha bamban. Ɗanyen mai yakan fito tare da ruwan gishiri, kuma matsin famfo da ƙuncin bututu su farfasa ruwan nan ya zama ƴan ɗigo-ɗigo da ido ba ya gani, su baje cikin man, su ƙi kwantawa. Man shanu ma haka yake, ɗigon ruwa ne birjik a cikin maiƙo, shi ya sa yake tartsatsi in an soya shi.

Maganar ta shafi Nijar kai tsaye tun shekarar 2011, lokacin da man Agadem ya fara isa matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka gina don tace ganga dubu 20 a yini. A 2024 kuma aka soma fitar da shi ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2000 zuwa gaɓar tekun Benin. Mai saye ba ya biyan kuɗin ruwa. Galibin yarjejeniyoyi ba sa yarda ruwa da laka su wuce rabin kashi 1 zuwa kashi 1 cikin 100. Kashi 1 kaɗai na ganga dubu 20, ganga 200 ke nan kowace rana. Ga kuma ɓarna: in gishirin ya sha zafin matata, yakan haifar da asid mai cin ƙarfe.

Abin da ke hana ɗigon haɗewa yana cikin man kansa. Akwai sinadarai masu nauyi dangin kwalta, da ƙaro, da kakin mai, da ƙurar yumɓu, waɗanda ke taruwa su yi wa kowane ɗigo fata mai tauri. Ko ɗigo biyu sun yi karo, fatar ba ta fashewa.

Maganinsu ɗan'uwan sabulu ne. Ƙwayar irin wannan sinadari fuska biyu gare ta, kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai, don haka mazauninta iyakar da ke tsakanin su. In an zuba shi yakan garzaya can, ya ture masu tsaron fatar, ya maye gurbinsu da wata mai rauni. Daga nan ɗigo su matso, su haɗe, su yi girma. Girman shi ne riba, domin in faɗin ɗigo ya ninka sau 2, saurin nutsewarsa yakan ninka sau 4. Ana taimaka masa da ɗumama man don ya tsinke, da wutar lantarki mai jan ɗigo zuwa ga juna.

Gwanintar tana wajen zaɓi. A 1949 wani masani ɗan Amurka, William Griffin, ya fito da ma'aunin HLB, mai tashi daga 0 zuwa 20. Sinadari mai ƙaramar lamba ya fi karkata ga mai, mai babbar lamba kuwa ga ruwa. Masu tsaron fata na ɓangaren mai ne, saboda haka ake kawo wanda ya ɗan karkata ga ruwa, har rinjayen ya tashi, cakuɗar ta rushe. Kaɗan ake bukata, sau da yawa ƴan gomiya cikin miliyan. In aka zarce, maganin da kansa ya koma mai tsaro, ko al'amarin ya juye, mai ya bi ruwan da za a zubar. Kowane allazi da nasa amanu: abin da ya yi aiki a wannan rijiya yana iya kasawa a waccan, kuma yawan ruwa na ƙaruwa yayin da rijiya ke tsufa. Dalili ke nan da ake jera kwalabe a bakin aiki, a sa wa kowace nata magani, a duba wadda ruwanta ya riga kwantawa.

Sai an cire ruwa da laka daga lissafi kafin a san adadin gangunan da za a biya, kuma a kan adadin nan ake yanke rabon ƙasa. Ya kamata hukuma ta tanadi nata ƙwararru da nata kayan awo a duk inda mai ke sauya hannu. Ɗan kasuwar da ya bar wa abokin ciniki tiya da awo, sai abin da aka faɗa masa.