Ɗalibin Halayyar Dabbobi, Ajinsa Yana Daji

A Ngueli, inda gada ta ratsa kogin Lagon ta haɗa Njamena da Kusuri ta Kamaru, makiyayi ya san saniyar da ke jan garke, masunci kuma ya san lokacin da dorina mai ɗa ba ta son a kusance ta. Ilimi ne da aka samu ta doguwar lura, amma ba a rubuce yake ba. Ya kamata Jami'ar Njamena, wadda aka kafa a 1971, ta riƙa tura ɗalibanta su zauna da waɗannan mutane, su lura, su ƙirga, su rubuta.

Dalili kuwa a fili yake. A gandun dajin Zakuma, mafarauta hauren giwa sun rage giwaye daga kimanin 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010. Waɗanda suka tsira suka dunƙule wuri guda saboda tsoro, haihuwa ta kusan tsayawa, sai da tsaro ya dawo aka sake ganin 'ya'yansu. Masu sa ido ne suka gano haka, ba mazauna aji ba.

Wasu za su ce lura ba ta kai gwajin ɗakin bincike ba. To, da lura Jane Goodall ta gano a 1960, a Gomben Tanzaniya, cewa birin cimfanzi yana zaƙulo gara da tsinke. Gani ya kori ji. Idan dattawan makiyaya suka shuɗe ba a rubuta saninsu ba, wa za a tambaya?