Kada mu sayar da littattafan kakanninmu kamar tsohuwar kwalla

A makon jiya wani dattijo maƙwabcina a Nyohini ya buɗe mini akwatin ƙarfen da ya gada daga mahaifinsa, bafataken goro. A ciki akwai littafi rubutun hannu, ganye-ganye ba ɗinki, an naɗe shi cikin fata an saka a gafaka. Tawadar baƙa ce ta koma ruwan ƙasa, kanun babi da ja. A ƙasan shafi marubucin ya sa kalmar farko ta shafi na gaba, don ko iska ta watsa ganyen a iya jera su. Da na ɗaga ganye ɗaya ga hasken taga sai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar.

Wannan alama ta masu yin takarda ce na arewacin Italiya, irin gidan Galvani na Pordenone. Takardar kan sauka Tarabulus, raƙuma su ƙetare Sahara da ita zuwa Kano, fatake su biyo hanyar Gwanja da ita har Salaga. Ashe takardar ma 'yar fatauci ce kamar mu.

Abin da ya dame ni, wani baƙo ya riga ya taya littafin, dattijon kuma yana da kuɗin makarantar jikoki a kansa. Ban ga laifinsa ba. Amma mu tuna yadda irin waɗannan takardu suka bar ƙasar nan. A 1826, a yaƙin Katamanso, aka kwace wani ƙunshin rubuce-rubucen Larabci daga sansanin Asante, wajen ganye 900, har da wasiƙun Musulmin Kumasi da 'yan'uwansu na arewa. Yau suna ɗakin karatun sarauta a Kopenhegan, ƙasar Danmak. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya yi wa Bajamushe Adam Mischlich rubuce-rubuce da ajami. A 2000 wani masani ɗan Folan ya buga wasu daga ciki. Jikanka da ke son karanta na Kopenhegan sai ya nemi biza.

Wasu za su ce ai can sun fi mu adanawa, nan gara da ɗigon damina ke cinyewa. Gaskiya ne, na sha gani. Sai dai akwai wata hanya. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta riƙa aron littattafan malamai, ta ɗauki hotonsu, ta mayar wa masu su. Yau wayar da ke aljihunka ma za ta yi wannan aikin.

Alhaji, Hajiya, in akwai irin wannan a gidanku, ku dubi ganyen ƙarshe, inda marubuci kan sa sunansa da na wanda ya rubuta wa. Ku rubuta a takarda daban wanda ya gada daga wa, kada ku taɓa littafin da biro. Ni da dattijon mun yi alkawari ranar Asabar za mu ɗauki hoton nasa, ganye bayan ganye, kafin baƙon ya dawo.