Me Zan Zama? Likitan mafitsara, wanda kunya ke hana mu zuwa wurinsa

 Duk lokacin da na tambayi 'yan ajin kimiyya irin likitan da suke son zama, amsa ba ta wuce uku: likitan zuciya, likitan ƙwaƙwalwa, ko likitan yara. Ban taɓa jin wanda ya ɗaga hannu ya ce likitan mafitsara ba. Ni ma da nake sakandare ban san da shi ba. Shi za mu tattauna a kansa yau, amma bari in fara ba ku labarin da ya sa na zaɓe shi.

Ina aji biyar a makarantar kwana, akwai wani yaro ɗan aji uku da gadonsa ke kusa da nawa. Wata rana da tsakar dare na ji yana nishi, ya tashi ya yi amai har sau biyu. Na tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce ciki ne. Da gari ya waye ya je ɗakin shan magani, can ma ya ce ciki, aka ba shi maganin ciwon ciki. Sai da ya kwana biyu yana tafiya a tattale, sannan ya gaya wa wani abokinsa gaskiya: ba ciki ba ne, marainansa ne, ɗaya ya kumbura. Aka garzaya da shi babban asibiti aka yi masa tiyata, amma ƙwayar ta riga ta mutu, dole aka cire ta.

A bana, da muka fara shiga asibitin koyarwa, wani malaminmu ya yi mana darasi a kan wannan ciwo. Igiyar da ke kai jini ga ƙwayar ce take murɗewa, jini ya daina zuwa. Ya fi samun yara maza masu tasowa, kuma sau da yawa cikin dare yake farawa. Ya ce idan aka kawo yaro cikin awa shida, yawanci ana warware igiyar a ceci ƙwayar. Bayan haka, kowace awa asara ce. Ina zaune ina rubutu, amma hankalina yana can ɗakin kwananmu. Awa shida kacal. Mu kuwa kwana biyu muka yi, ba don rashin mota ko kuɗi ba, sai don kunya. Malamin da ya yi mana wannan darasi farfesa ne a fannin mafitsara.

Mene ne aikinsa?

Likitan mafitsara, wanda fanninsa ake kira yuroloji, likitan tiyata ne. Yana kula da hanyar fitsari tun daga sama har ƙasa, wato ƙoda biyu, da bututu biyu da ke sauko da fitsari daga ƙoda, da mafitsara, da bututun da ke fitar da shi waje. Wannan ya shafi maza da mata duka. Ban da haka, shi ke kula da gaɓoɓin haihuwa na namiji.

Kada ku raina wannan hanya. Ƙodojinka biyu suna tace ruwan da ya kai kimanin lita 180 daga jininka a kowace rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, su bar lita ɗaya zuwa biyu ta zama fitsari. Mafitsara kuma tana riƙe abin da ya kai kusan leda ɗaya ta fiya wata kafin ta matsa maka. Ranar da hanyar ta toshe, a ranar mutum yake sanin darajarta. Na ga dattijon da aka kawo sashen gaggawa ya yini ya kwana bai yi fitsari ba, yana gumi yana salati. Da aka sa masa robar fitsari ya samu sauƙi, addu'ar da ya yi wa likitan ta fi minti biyar.

Akwai wani likita daban da ake kira likitan ƙoda. Shi yana aiki ne da magani da na'urar wankin ƙoda, ba ya yanka. Idan abu ya kai ga tiyata, sai ya miƙa wa likitan mafitsara. Su biyun tare suke aiki.

Hula uku a kai ɗaya

Wanda ke koyarwa a makarantar likitanci aiki uku yake yi. Na farko likita ne: yana da ranar ganin marasa lafiya, da ranar tiyata, da ranar zagaya gadaje. Na biyu malami ne: yayin da yake zagayen, mu ɗalibai da likitocin da ke neman ƙwarewa muna biye da shi, yana tsayawa a kowane gado yana jefo mana tambaya. Na uku mai bincike ne: yana tattara bayanan cututtukan da yake gani, ya yi nazari, ya wallafa sakamakon a mujallun likitoci. Da wannan bincike da koyarwa ne yake hawa matakan jami'a, daga lakcara zuwa babban lakcara, zuwa mataimakin farfesa, har ya kai farfesa.

Wani zai ce, binciken me za a yi a kan fitsari? Ga misali. Charles Huggins likitan mafitsara ne da ke koyarwa a Jami'ar Chicago ta Amurka. A 1941 ya nuna cewa sinadarin maza na jiki shi ke ciyar da kansar furostet, kuma idan aka rage sinadarin, kansar takan lafa. Wannan ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma har yau da wannan dabara ake jinyar masu cutar, har a asibitocinmu. Haka kuma, a dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya, wanda aka yi a birnin Boston a 1954 tsakanin wasu tagwaye, likitan mafitsara mai suna Hartwell Harrison ne ya ciro ƙodar daga jikin mai bayarwa, Joseph Murray ya dasa ta.

Rassan fannin

Bayan mutum ya ƙware, yakan ƙara zurfafawa a reshe guda.

Akwai masu kula da kansa, musamman ta ƙoda, da ta mafitsara, da ta furostet. Furostet wata 'yar ƙwaya ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta. Idan namiji ya manyanta takan girma ta matse bututun. Shi ya sa za ka ga kakanka yana yawan tashi fitsari da dare. Ba kowane girma ne kansa ba, amma likita ne kaɗai zai bambance.

Akwai masu fasa duwatsun ƙoda da na mafitsara. Wannan tsohon aiki ne: Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rayu shekara dubu da suka wuce, ya yi bayanin yadda ake ciro dutse daga mafitsara a littafinsa At-Tasrif. A yau ana zura siririyar kyamara ta hanyar fitsari a farfasa dutsen ba tare da an yanka ciki ba, kuma tun 1980 aka fara amfani da wata na'ura a Jamus da ke fasa dutse daga wajen jiki. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda ake zufa da yawa ba a shan isasshen ruwa, masu wannan reshe ba sa rasa aiki.

Akwai masu kula da yara, kamar jaririn da aka haifa ƙofar fitsarinsa ba a inda ya kamata ba, ko wanda ƙwayar marainansa ba ta sauko ba, ko wanda aka ji wa rauni wajen kaciya. Akwai masu gyaran bututun fitsari idan ya tsuke sakamakon haɗarin mota ko ciwon sanyi. Akwai masu duba rashin haihuwa ta ɓangaren maza, abin da a al'adarmu akan ɗora wa mace ita kaɗai. Akwai masu aiki tare da likitocin mata wajen gyaran yoyon fitsari. Sai kuma masu dashen ƙoda, aikin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002.

Sannan ga tsargiya, wadda ta fi kowace kusa da ku. Tsutsarta tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa da ke cikin kududdufi da dam da hanyoyin ruwan noman rani. Tana ratsa fatar mai wanka ko wanki, ta girma a jiki, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara. Shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. A wasu ƙauyuka har yanzu ana ɗaukar wannan jini alamar balaga. Ba balaga ba ce, cuta ce, kuma tana da magani mai sauƙi da akan raba a makarantu. Idan aka bar ta shekara da shekaru, tana iya lalata ƙoda ko ta jawo kansar mafitsara. Yawancin masu zuwa asibiti da wannan kansa suna zuwa ne a makare.

Hanyar zuwa can

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi. Daga inda kake zaune, kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. A JAMB kuma za ka rubuta Turanci, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, kuma makin shiga likitanci yana cikin mafi tsauri.

Karatun digirin likita shekara shida ne. Bayansa sai shekara ɗaya ta koyon aiki a ƙarƙashin manya, kafin hukumar likitoci ta ƙasa ta yi maka cikakkiyar rajista. Sai shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Daga nan sai ka ci jarrabawar share fage ta ɗaya daga kwalejoji biyu: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Sai ka nemi gurbi a asibitin koyarwa. A shekarun farko za ka zagaya sassan tiyata daban-daban ka ci jarrabawar mataki na ɗaya. A shekarun baya za ka tsaya a kan mafitsara kaɗai, ka rubuta kundin bincike, ka ci mataki na biyu. Wannan horo yakan ɗauki kimanin shekara shida.

Shida da ɗaya da ɗaya da shida, sha huɗu ke nan. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18 zai zama babban likita a wajen shekara 32, idan bai faɗi jarrabawa ba, kuma yajin aiki bai ci masa lokaci ba. Ba zan ɓoye muku ba, akwai kwanan asibiti, akwai tsayuwar awoyi a ɗakin tiyata, akwai ranar da abokanka za su je biki kai kana bakin gadon mara lafiya. Amma ku sani, daga shekarar koyon aiki zuwa gaba albashi ake biyan mutum, yana koyo yana samu. Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Wannan kuwa har fasa dutsen yake yi.

Ga ƙannena mata

Na san wata za ta ce wannan aikin maza ne. A'a. Mata ma suna da ƙoda da mafitsara, kuma da yawa daga iyayenmu mata sun gwammace su yi ta fama da ciwo a ɗaki da su buɗe baki gaban likita namiji. Dakta Abimbola Abolarinwa, wadda aka sani a matsayin mace ta farko da ta ƙware a wannan fanni a Nijeriya, ta riga ta buɗe ƙofa. Ranar da 'yar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi za ta zauna a wannan kujera, mata da yawa za su fito da abin da suka daɗe suna ɓoyewa.

Kafin mu rabu

Ba dukkanku ne za ku zama likitoci ba, amma dukkanku kuna da jiki. Saboda haka ku riƙe abu uku. Idan ciwo mai tsanani ya taso maka kwatsam a maraina, kada ka jira gari ya waye. Tashi shugaban ɗaki ko malamin kwana ko mahaifinka, ka faɗi ainihin wurin da ke ciwo, a tafi asibiti. Idan ka ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ka faɗa a gida a kai ka gwaji. Idan kuma abokinka ne ya gaya maka irin wannan, kada ka yi masa dariya, kada ka kai labarinsa aji, raka shi.

Kunya ado ce, kuma tarbiyyarmu ce. Amma abu ɗaya da na lura da shi a wurin malaman wannan fanni shi ne yadda suke sakaya magana, su ja labule, su sallami kowa daga ɗaki, har mara lafiya ya saki jiki ya faɗi damuwarsa ba tare da mutuncinsa ya zube ba. Wannan ma darasi ne da suke koya mana, kamar yadda suke koya mana riƙe wuƙa.

Yaron nan na ɗakinmu yana nan lafiya, ƙwaya ɗaya tana isar mutum ya yi aure ya haihu. Mun haɗu da shi a hutun da ya wuce, na nemi izininsa kafin in rubuta wannan. Ya yi dariya ya ce in rubuta, amma in tabbatar na sa maganar awa shidan nan da kyau. To, ga shi na sa.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A ci gaba da karatu.