Tara Maki a Waya: Ina Ribar Take?

Wata sabuwar hanyar neman kuɗi ta iso ƙasar Gwandu, watau tara maki a wayar hannu. Kamfanonin ƙetare kan jera tambayoyi a intanet, wanda ya amsa a ba shi maki, in sun taru ya musanya su da katin sayayya na kanti irin Amazon.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Amsoshin nan haja ce, ana sayar da su ga masu masana'antu, waɗanda galibi ra'ayin mutanen Amurka da Turai suke nema. Ɗan Nijeriya sau da yawa akan sallame shi tun bai gama ba, alhali ya ba da bayanan kansa, ya ƙone data, wadda Hukumar Sadarwa ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Ba a manta da Hamster Kombat ba: watanni ana dangwala waya, da aka yi rabo a Satumban 2024 da yawa suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka lalle ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo da ma'aikata su yi lissafi tukuna. Lokacin karatu da na aikin Gwamnati ya fi ƙarfin maki.