Hoton Ƙwaƙwalwa: Ƙarin Ne Ya Dawo, Ko Tabon Magani Ne?

A shekarar 2023 ne ƙungiyar likitocin ciwon daji na ƙwaƙwalwa da ake kira RANO ta gyara ƙa'idojin da ta fitar tun 2010, game da yadda ake karanta hoton majinyaci bayan an yi masa magani. Wani zai ce ina ruwanmu da shawarar likitocin Turai da Amurka? Da ruwanmu, 'yan'uwa, domin akwai iyalai a cikinmu da suka sayar da gona, jama'a kuma suka yi musu karo-karo, don a kai nasu Zariya ko Abuja a yi masa gashi.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun 2005, mai ƙarin da ake kira giliyobalastoma, wanda ya fi kowanne muni, akan yi masa tiyata, sa'an nan gashi na mako shida tare da ƙwayar temozolomaid. Bayan haka sai a riƙa duba shi da hoton MRI. Akan yi masa allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam, wanda ke tsiyaya a duk inda jijiyoyin jini suke yoyo, sai wurin ya yi fari a hoto. Ƙari yana sa yoyo. To, amma gashin ma yana sawa. Saboda haka a cikin wata uku na farko, kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na majinyata sukan nuna farin da ya ƙaru, alhali kumburin magani ne kawai, wanda kan lafa da kansa. Wani kuma sai bayan watanni ko shekaru naman da aka gasa ya mutu, ya fito a hoto kamar ƙari.

Kuskure a nan ba ƙarami ba ne. In aka ɗauki tabo a matsayin ƙari, za a iya tsai da maganin da ke aiki, ko a sake buɗe kan mutum a banza. In aka ɗauki ƙari a matsayin tabo, lokaci ya wuce.

Akwai dabarun da ke taimakawa. Wani irin hoton MRI yana auna yawan jinin da ke wurin: ƙari mai rai yana tsiro wa kansa sababbin jijiyoyi, mataccen nama kuwa jininsa kaɗan ne. Hoton PET yana nuna inda ake zuƙar sinadarin gina jiki, amma ruwan allurarsa rabin ƙarfinsa kan tafi cikin kimanin minti 110, don haka dole injin haɗa shi ya kasance kusa, abin da ya fi ƙarfin yawancin asibitocinmu. Ko da su ma, wani lokaci sai an ciro ɗan nama an gwada, domin ƙari da tabo sukan zauna wuri guda.

Gyaran 2023 ya ce a riƙa kwatanta sababbin hotuna da wanda aka ɗauka bayan gama gashi, kuma in fari ya ƙaru cikin mako 12 na farko, sai an sake hoto ko an gwada nama kafin a ce ciwo ya ci gaba. An tsara shi ne domin gwajin magunguna, amma a ganinmu ya shafi gidajenmu kai tsaye. Kada hoto ɗaya ya sa a ɗauke majinyaci a koma gida. A tanadi kuɗin hoto na biyu tun da wuri, a kuma adana kowane faifai da takardar da ke nuna ranar da aka gama gashi, domin likitan da ba shi da tsohon hoto ba shi da abin kwatantawa.