Jinin Da Ba Na Haila Ba: Bayan Fatawar Malam, Sai Awon Likita

Duk wanda ya saba zama a majalisin karatu a Sakkwato, ko yake sauraron filayen fatawa a gidajen rediyonmu, ya san akwai tambaya guda da ba ta ƙarewa. Mace ce ke aiko ta, sau da yawa ta bakin mijinta ko ɗanta: jini ya ƙi ɗaukewa, ko ya dawo bayan shekarun haila sun wuce, to yaya za ta yi da salla da azumi? Malam zai amsa da abin da ke cikin Ahalari da Risala, ya bambance mata haila da istihala, ya gaya mata ta yi tsarki ta ci gaba da ibadarta. Amsar daidai take ta fuskar fiƙihu. Sai dai malaman da kansu jinin ciwo suke kiran wannan jini, kuma ciwo yana da tambaya ta biyu wadda likita ne mai amsa ta: daga ina jinin yake fitowa?

Mafi yawan lokuta dalilin ba mai tayar da hankali ba ne. Amma a cikin dalilan akwai sankarar bakin mahaifa, ɗaya daga cikin cututtukan daji da suka fi kashe matan ƙasar nan. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Wato kowace rana ana rasa mata fiye da 20. A duniya baki ɗaya, a 2022, an samu masu ɗauke da ita kusan 660,000, mutuwa kuma kusan 350,000, kuma mafi rinjayen mamatan 'yan ƙasashe marasa ƙarfi ne irin tamu. Abin da ya fi ciwo shi ne, a duk cututtukan dajin da ke kama mata, wannan ce bincike ya fi gano sirrinta, ita ce kuma aka fi sanin yadda ake tare ta.

Tarihin binciken ya cancanci a sani. Wani likita ɗan asalin Girka mai aiki a Amurka, George Papanicolaou, ya nuna tun a 1928 cewa idan aka shafo ɗan danshi daga gaban mace aka duba da madubin likita, ana iya ganin ƙwayoyin da suka lalace. Wannan awo ya bazu bayan 1943, ya rage mace-mace ƙwarai a ƙasashen da suka riƙe shi. Daga baya wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya gano ainihin mai laifin: ƙwayar cutar da ake kira HPV. A 1983 da 1984 shi da abokan aikinsa suka ware nau'i na 16 da na 18, waɗanda su biyu kaɗai ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. Aikin ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. A 2006 aka fara amfani da allurar rigakafin ƙwayar.

Ga yadda ciwon yake tafiya. Ƙwayar tana shiga ta hanyar saduwa, kuma tana da yaɗuwa har ta kai kusan duk mai aure, namiji ko mace, yana iya haɗuwa da ita a wani lokaci na rayuwarsa ba tare da ya sani ba. A jikin yawancin mutane garkuwar jiki ke kawar da ita cikin shekara ɗaya ko biyu. A jikin wasu mata kuwa takan zauna a bakin mahaifa tana sauya ƙwayoyin wurin sannu a hankali, har shekara 15 zuwa 20 kafin abin ya zama daji. Ga mace mai raunin garkuwa, kamar mai ɗauke da cutar ƙanjamau wadda ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Saboda haka kamuwa da wannan ciwo ba shaida ba ce a kan mutuncin kowace mace. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, domin namiji yakan ɗauko ƙwayar daga wani aure da ya gabata, ba alama ba ciwo. Ya wajaba a faɗi wannan a fili, don tsoron zargi yana cikin abubuwan da ke sa mata yin shiru har lokaci ya ƙure.

Waɗannan shekaru da ciwon ke ɗauka yana rarrafe su ne damarmu. Ƙofa uku ce a buɗe. Ta farko ita ce rigakafi ga yara mata tun kafin su yi aure. Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin jerin rigakafinta na yau da kullum a ranar 24 ga Oktoba, 2023, aka fara da wasu jihohi, cikinsu har da maƙwabciyarmu Kebbi. Sakkwato ta shiga a zagaye na biyu, a watan Mayu na 2024. Allura guda ce, kyauta, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Hujjar amfaninta kuwa ta taru daga wurare da yawa. A Suwidin an bi sawun mata kusan miliyan 1.7, sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa allurar kafin shekara 17 haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 88 cikin ɗari. A Ingila, a 2021, an samu raguwar kashi 87 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13. A nan Afirka, binciken da aka yi a Kenya ya tabbatar da cewa allura guda tana ba da kariya fiye da kashi 97 cikin ɗari daga nau'i na 16 da na 18, kuma yana cikin hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allura guda a 2022.

Ban manta da shakkun iyaye ba, kuma ban ɗauke su marasa tunani ba. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ya bar tabo a zukatan mutanen Arewa, ya kuma taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Amma mu tuna yadda wancan labari ya ƙare. Sarakunanmu, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sun tsaya kai da fata, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Najeriya. Yaran da aka ɗiga wa maganin a lokacin rigimar yau iyaye ne masu 'ya'ya. Allurar HPV ita ma ta shekara fiye da 15 ana yin ta a duniya, Ruwanda ta fara tun 2011, kuma masu sa ido a kan lafiyar alluran rigakafi ba su samu alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne sankarar kanta.

Ƙofa ta biyu ita ce awo ga matan da suka riga suka yi aure, domin allurar ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga. Akwai awo mai arha da ake yi da ruwan khal: ma'aikaciyar jinya ta shafa shi a bakin mahaifa, cikin minti ɗaya wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. A birnin Mumbai na Indiya an gwada wannan hanya a kan mata kimanin 150,000, aka sanar a 2013 cewa ta rage mutuwa da kashi 31 cikin ɗari. Wanda ya fi shi inganci shi ne awon neman ƙwayar HPV kanta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2021, daga shekara 30 zuwa sama, sau ɗaya a cikin shekara 5 zuwa 10. Wannan awo yana da wata fa'ida da ta dace da al'adarmu: mace na iya ɗebo samfurin da kanta, a ɗakinta, da ɗan tsinken auduga, ba tare da ta buɗe jikinta ga kowa ba. Idan aka ga wurin da ya fara lalacewa, ana ƙone shi da ƙaramar na'ura mai zafi ko mai sanyi cikin 'yan mintuna, ta koma gida a ranar, mahaifarta na nan lafiya.

Ƙofa ta uku ita ce magani da wuri. Sakkwato ta yi sa'a, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin 'yan asibitocin ƙasar nan da ke da sashen gashin daji da na'urar haske, kuma marasa lafiya daga Kebbi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar suna zuwa. Daga wannan asibiti ne aka ɗauki Farfesa Usman Malami Aliyu ya shugabanci Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa a 2023. To amma na'ura ba ta mayar da lokacin da ya wuce. Dajin da aka kama yana bakin mahaifa ana warkar da shi da tiyata ko gashi. Wanda ya kai ga mafitsara ko ya toshe hanyar ƙoda, galibi sai dai a sauƙaƙa wa mai shi raɗaɗi, bayan iyali sun sayar da gona da dabbobi.

Don haka alamomin nan su zama abin haddacewa a kowane gida: jini bayan saduwa, jini tsakanin haila da haila, jini bayan daina haila, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Jinin da ya dawo wa dattijuwa kuma yana iya zama alamar dajin cikin mahaifa, wanda shi ma ana warkar da shi idan an zo da wuri. Dajin ƙwan mace ya fi su ɓoyewa. Wani babban bincike a Birtaniya a kan mata fiye da 200,000 ya nuna a 2021 cewa awon kowa da kowa bai rage mutuwa daga gare shi ba, saboda haka kumburin ciki da saurin ƙoshi da ramar da suka ɗauki makonni abin kai wa likita ne, kada a tsaya kan jiƙe-jiƙe.

A ranar 17 ga Nuwamba, 2020, ƙasashen duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da wannan sankara: kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata rigakafi, a auna kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. Wannan alkawari ba zai cika a Abuja ba, sai a Illela da Tangaza da Isa da Kebbe. Gwamnatin jiha ta sa awon nan cikin aikin cibiyoyin lafiya na matakin farko a ƙananan hukumomi 23, ta horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya mata, ta yadda matar da ta kawo jaririnta rigakafi za ta samu awo a zama ɗaya. Masu bincike a jami'armu su ba mu alƙaluman gida. Ibadan ta buɗe rajistar masu ciwon daji tun 1960. Mu ma muna bukatar ƙididdiga mai ƙarfi da za ta nuna mata nawa ke kamuwa, daga wane yanki, a wane mataki suke isowa asibiti, sannan a gwada ko awon da mace ke ɗeba da kanta zai karɓu a gidajenmu.

Hanyar isar da saƙo kuwa ba sai mun aro ba. A wannan ƙasa Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajiyoyi suna kai ilimi ga matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka cika unguwanninmu su ne magadan wancan aiki, kuma babin haila da suke karantarwa shi ne wurin da ya fi dacewa a yi wannan bayani.

Ga malamanmu, roƙona ƙarin jimla guda ce a ƙarshen fatawa: ki yi sallarki, kuma ki je a duba ki. Ga mazaje, izinin fita da kuɗin mota a yau sun fi sauƙi a kan jinyar shekara guda. Ga 'yan'uwa mata, Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: wadda ta ji, ta gaya wa kishiyarta da maƙwabciyarta da surukarta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.